Jawabi A Kan Jakar Kulob Ɗin Rotary, Yadda Ta Cika Da Yadda Ta Kan Rame



An umurce ni in yi magana a kan kuɗin ƙungiyoyin taimakon jama'a, irin waɗanda a dā mu kan ce da su jam'iyya, tun kalmar nan ba ta zama ta 'yan siyasa su kaɗai ba. Na daɗe ina tunanin inda zan kamo bakin zaren. Na ga in na tsaya ina jero muku dokokin lissafi, to, na kai wa maƙeri wuta ke nan, gama akwai waɗanda suka tsufa a kan littafin shiga da fita a cikin ɗakin nan. Sabo da haka na zaɓi in ba ku labarin ƙungiya guda, watau Rotary, wadda aka kafa a ƙasar Amurka. Ba talla na zo yi musu ba. Dalilina shi ne labarin jakarsu a rubuce ya ke tun daga 1905, mutum ya iya binsa shekara da shekaru ya ga lokacin da ta cika da lokacin da ta rame, ya kuma ga abin da ya kawo ko wanne.

Ran 23 ga watan Fabrairu, 1905, mutum huɗu suka taru a wani ofis a birnin Shikago. Babbansu a wannan sha'ani wani lauya ne, sunansa Paul Harris. Sauran ukun, Silvester Schiele mai sayad da gawayin kwal ne, Gustavus Loehr injiniyan haƙar ma'adini, Hiram Shorey kuwa tela. Suka shirya su riƙa taruwa, yau a ofishin wannan, wani mako a ofishin wancan, daga wannan kewayawa ne kulob ɗin ya sami sunansa. To, ku lura da wannan: a farkon al'amari ba su da wata jaka da za a kira jaka. Ba hayar ɗaki, tun da ɗakunansu ne. Ba albashin kowa. Ɗan abin da a kan kashe na takarda da kan sarki, daga tarar da a kan ci wanda bai zo taro ba ya ke fitowa. Kuma kada mu yi musu ƙaryar alheri, da fari ba don taimakon jama'a suka taru ba. Sun taru ne don abota da ciniki, sun ɗauki mutum ɗaya daga ko wace sana'a don kada a yi kishi, har suna da mai rubuta yawan cinikin da ɗan kulob ya kai wa ɗan'uwansa.

Ba a daɗe ba waɗansu daga cikinsu suka ce ƙungiyar da ba ta amfanin kowa sai 'ya'yanta ba za ta yi ƙarko ba. A 1907 suka ɗauki aikinsu na farko na gari, aikin da za ku yi dariya in na faɗe shi, watau gina makewayi na jama'a a tsakiyar birni. Masu manyan kantuna da masu gidajen giya suka tashi tsaye suna hanawa, domin mai neman makewayi in ya shiga wurinsu ba ya fita hannu sake, ya kan sayi wani abu. Abin da ya sa na kawo wannan labari shi ne kuɗin ginin ba daga jakar kulob ya fito ba. 'Yan kulob sun tara sauran ƙungiyoyin gari, suka yi ta matsa wa hukuma, har hukuma ta fid da kuɗin. Abin da suka zuba shi ne mutuncinsu da sawunsu da bakinsu. Na sha ganin ƙungiya ta zauna tana kukan ba ta da kuɗi, alhali a cikinta akwai mutanen da in sun yi sallama a ƙofar ko wane ofis za a tashi a ba su kujera.

Da abin ya yaɗu zuwa waɗansu birane, sai a 1910 kulob 16 suka haɗu suka kafa uwar ƙungiya, da ofis da sakatare, wani mutum ana ce da shi Chesley Perry, wanda ya riƙe aikin har 1942. Daga ran nan ɗan kulob ya zama mai ciyad da baki biyu. Yana biyan kuɗin kulob ɗin garinsu, kulob kuma yana aika wa uwar ƙungiya kuɗi a kan ko wane mutum da ke cikin rajistarsa, tamkar yadda a kan ƙidaya kawuna a yanka haraji. Ku riƙe wannan a zuci, zan komo kansa.

A 1917 aka yi babban taronsu a birnin Atlanta. Shugabansu na wannan shekara, Arch Klumph, ɗan kasuwa daga birnin Kilibiland, ya kawo shawara a kafa asusu na dindindin wanda za a riƙa ayyukan alheri da shi. Aka yi na'am. Gudummawar farko da ta shiga asusun nan daga kulob ɗin birnin Kansas ta zo, dala 26 da rabi. Dalar Amurka na ke nufi, ba dalarmu ta dā ba. Shekara 11 bayan wannan, a 1928, lokacin da aka raɗa wa asusun suna aka naɗa masa amintattu, abin da ke ciki ya ɗara dala 5,000 da kaɗan. Ku duba fa, ƙungiya ce ta attajirai da lauyoyi da likitoci, mutane dubbai, a cikin ƙasar da kasuwarta ke ci kamar wutar daji, amma a shekara goma sha ɗaya abin da suka iya tarawa ke nan. Kyautar farko da aka fitar daga ciki dala 500 ce, aka ba wata ƙungiya mai kula da yara guragu.

Me ya kawo wannan nawa? A ganina, mutum ya fi son ba da kuɗi ga abin da idonsa zai gani. In ka ce masa ga yaro gurgu a unguwarku yana bukatar sanda, zai sa hannu a aljihu nan take. In ka ce masa ya zuba a asusun da za a ci amfaninsa bayan ba ransa, a wata ƙasa da bai taɓa zuwa ba, sai ya ce a bari sai ya yi shawara. Kulob na gari kuwa yana ganin ko wane kwabo da ya tafi asusun uwa an rage masa ne daga na aikin gida.

Sa'an nan kasuwar duniya ta karye a 1929. Dattawanmu sun ba mu labarin yadda gyaɗa ta faɗi warwas a shekarun da suka biyo baya, haraji ya yi wuyar tattarawa. To, can ma haka. Wanda kantinsa ya rufe ba zai iya biyan kuɗin kulob da kuɗin abincin taro ko wane mako ba, kunya kuma ba za ta bar shi ya zo ya zauna bai biya ba, sai ya janye jiki. Kulob da yawa suka rame, waɗansu suka mutu. Waɗansu kuma ba talauci ya kashe su ba, mulki ne: na Jamus sun rufe a 1937, na Italiya a 1938, na Japan a 1940.

Asusun dindindin bai tashi sosai ba sai da mai ƙungiyar ya rasu. Paul Harris ya rasu ran 27 ga Janairu, 1947. Ya riga ya nuna ba ya son a gina masa gunki ko hasumiya, sai aka sanad da kulob ko'ina cewa mai son girmama shi ya zuba a asusun. Cikin shekara ɗaya da rabi aka tara fiye da dala miliyan ɗaya. Abin da shekara talatin na roƙo ba su kawo ba, makoki ya kawo shi. Amma ba makoki kaɗai ba ne. A wannan shekara aka fara aika ɗalibai 18 karatu ƙasashen waje da kuɗin asusun, watau yanzu mai bayarwa yana da fuskar da zai gani da sunan da zai ji. A 1957 kuma suka fito da wata dabara, duk wanda ya ba da dala 1,000 a ba shi lamba da takardar shaida mai sunan Paul Harris. Wani zai ce wannan riya ce. Watakila. Ni dai ma'aji na sani, bai taɓa mai da kuɗi ba don mai shi yana son a yaba masa.

Akwai wani tsari nasu da na tabbata zai yi wa malaman Baitulmali daɗi. Kuɗin da aka tara a asusun shekara ba a kashe shi a wannan shekara. A kan juya shi shekara uku tukuna, ribar ta taimaka wajen ɗaukar nauyin ofis, sa'an nan a raba uwar kuɗin, kashi ya koma yankin da ya tara, kashi ya tafi aikin duniya duka. Amfaninsa shi ne ba a yin ƙiyasin aiki a kan kuɗin da a ke fatan samu, sai a kan wanda ya riga ya shiga hannu. Tun da aka fara Baitulmali a Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, har aka kawo ƙananan hukumomi a 1976, abin da a ke koya wa ko wane sabon malami ke nan: ƙiyasi kafin kashewa, da ajiya don baƙar shekara. Amma juya kuɗi yana da nasa haɗari. Da kasuwannin hannun jari suka faɗi a 2008, asusun ya yi hasara mai yawa, har aka rage kyautar da a kan ba kulob don ayyukansu. Kulob da ya dogara ga uwa kaɗai, wannan shekara ya ji jiki.

Yanzu bari in sauko ga kulob na gari, gama nan ne zancen ya fi shafarmu. Dokokin da uwar ƙungiya ta ba da shawara ko wane kulob ya bi ba su da yawa. Shekarar kuɗi ta kan fara ran 1 ga Yuli ta ƙare ran 30 ga Yuni. Kafin ta fara, kwamiti ya yi ƙiyasin shiga da fita. Ma'aji ba ya biyan kome sai waɗansu shugabanni biyu sun yarda. Sau ɗaya a shekara a kawo wanda ya san aiki ya binciki lissafi duka, a kuma ba ko wane ɗan kulob takardar bayanin kuɗi. Wadda ta fi duka nauyi a wurina ita ce wannan: a raba kuɗi gida biyu a banki, ɗaya na tafiyad da kulob, ɗaya na aikin jama'a. Ƙungiyar Lions, wadda aka kafa a 1917, ta tsananta a kan wannan ƙwarai. A wurinsu kuɗin da aka karɓa daga jama'a dole ya koma ga jama'a dukansa, shayin taro da takarda da tafiye-tafiye kuwa daga aljihun 'yan ƙungiya.

Ciwon ƙungiya galibi daga nan ya kan fara, kuma ba da sata ya ke farawa ba. Da aro ya ke farawa. Kuɗin wata bai shigo ba, ga mai ɗaki yana neman haya, ga kuɗin rijiyar da aka tara yana kwance, sai wani ya ce a ɗan taɓa, in 'yan'uwa sun biya a mayar. Ran da aka fara wannan, kowa na zaune, ba wanda ya yi niyyar cin amana. Bayan shekara uku sai a tarar rijiya ta tafi a shayi.

Na taɓa zama a kwamitin wata ƙungiya, ba zan faɗi sunanta ko garinta ba. Ma'ajinmu dattijo ne, mai gaskiya wanda ko anini ba zai ci ba, har don tsananin yarda da shi muka bar shi a kan aikin shekara da shekaru. In ya tashi zai karanta lissafi sai mu ce, "Haba Malam, zauna, wa zai tuhume ka?" Shi kuwa ya ji daɗi ya zauna. Da Allah ya yi masa rasuwa muka je karɓar littattafai, sai muka tarar da littafin makaranta guda, rabinsa da fensir, da rasit cike da gwangwani. Kuɗin kuma yana banki da sunansa shi kaɗai, domin lokacin da aka buɗe ya ga ya fi sauƙi. Magada suka ce su ba su san wani kuɗin ƙungiya ba, kuma ba su yi ƙarya ba, ba su sani ba. Muka yi wata da watanni muna kai da kawowa kafin a rarrabe nasa da namu, zumuncin da ke tsakaninmu da gidansa kuwa bai koma yadda ya ke ba. Laifin ba nasa ba ne, namu ne, ni ma a ciki, gama ina cikin masu cewa ya zauna. Da mun bar shi ya karanta, da mun sa hannu biyu a banki, da mun kare sunansa bayan ransa.

Abu na biyu da ke ramad da jaka shi ne raguwar mutane, kuma shi ya fi wuyar gani, domin a hankali ya ke zuwa. Mu ƙaddara, don misali kawai, kulob mai mutum 40, abin da ya ke kashewa na dole a shekara, haya da takarda da sauransu, naira 400,000. Ko wane mutum naira 10,000 ta hau kansa. In mutuwa da ƙaura da tsufa suka rage su zuwa 25, mai ɗaki ba zai rage haya ba, sai ya zama ko wanne naira 16,000. Ƙarin nan zai kori waɗansu masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda suka saura nauyi ya daɗu a kansu. Littafi zai nuna ba bashi, ma'aji ya ce lafiya lau, alhali gara tana cin ginshiƙi. Don haka wanda ke son ya san lafiyar ƙungiya, kada ya tsaya ga lissafin shekara guda. Ya jera na shekara goma, ya ajiye rajistar mutane kusa da shi, ya kuma dubi furfurar da ke ɗakin taro.

Wannan ciwo ya kama ƙungiyoyin Amurka sosai tun wajen ƙarshen ƙarnin da ya wuce, har wani malamin jami'a, Robert Putnam, ya rubuta littafi a kansa a shekara ta 2000. Rotary ta daɗe yawan 'ya'yanta na tsaye wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, ana raguwa a Amurka, ana ƙaruwa a ƙasashe irin su Indiya. Abin mamaki, sun daɗe da rufe wa rabin jama'a ƙofa da hannunsu. Wani ƙaramin kulob a garin Duarte, cikin jihar Kalifoniya, da ya ga mutanensa sun ragu, ya ɗauki mata. Uwar ƙungiya ta kore shi a 1978. Aka shiga shari'a har Kotun Ƙoli ta Amurka, wadda ta ba ƙaramin kulob gaskiya a 1987, a 1989 kuma aka buɗe wa mata ƙofa ko'ina. A 2016 suka sassauta dokar taro, kulob ya iya taruwa sau biyu a wata maimakon ko wane mako, abin da ya rage wa mutane kuɗin abinci, wanda a wurare da yawa shi ne ya fi kuɗin ƙungiya kansa nauyi. Annobar 2020 kuma ta nuna wani rauni. Kulob da ke samun kuɗin aikinsa daga biki guda a shekara, da aka hana taro, sai ya wayi gari hannu wofi.

Har sakaci da takarda ya kan kashe ƙungiya. A Amurka an ɗauke wa irin waɗannan ƙungiyoyi haraji, amma da sharaɗin su riƙa kai bayani ga hukumar haraji ko wace shekara. A 2006 aka yi doka, wadda ta yi shekara uku a jere ba ta kai ba, an soke mata wannan rangwame ba sai an kira ta ba. A watan Yuni 2011 hukumar ta fid da sunayen ƙungiyoyi wajen 275,000 waɗanda abin ya faɗa wa. Da yawa sun riga sun mutu, amma akwai masu rai a ciki, waɗanda tsohon sakatare ya sauka bai gaya wa sabo akwai wata takarda da a ke cikawa ba.

A ƙasarmu kulob ɗin Rotary na farko a Kano aka kafa shi, a 1961, kafin na Ikko da na Ibadan, waɗanda suka biyo baya a wannan shekara. Daga kulob ɗin Kano ne kuma aka sami ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar a duniya duka, lauya Jonathan Majiyagbe, daga 2003 zuwa 2004. Asusun nan da ya fara da dala 26 da rabi mun ga aikinsa a ƙofar gidajenmu. A 1985 suka ɗauki yaƙi da shan inna, suka ce za su tara dala miliyan 120, suka tara miliyan 247. A 1988, da aka haɗa kai da Hukumar Lafiya ta Duniya da sauransu, cutar tana kama wajen yara 350,000 a shekara cikin ƙasashe 125. A Nijeriya an ga na ƙarshe na asalin ƙwayar cutar a Borno a 2016, ran 25 ga Agusta, 2020 kuma aka shaida Afirka ta rabu da ita.

Amma na ce zan komo kan baki biyu. Kuɗin da kulob ke aika wa uwa da dala a ke yanka shi, sau biyu a shekara, Yuli da Janairu, kulob da ya daɗe bai biya ba kuwa a kan soke shi. A shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024 dala 75 ce a kan ko wane mutum. A farkon watan Yuni 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, watau dala 75 ta kama naira 34,500. A cikin watan nan aka saki naira, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 dala ta kai wajen naira 1,500, watau dala 75 ɗin nan ta koma naira 112,500. Ma'aji bai ci kome ba, kwamiti bai yi almubazzaranci ba, ba wanda ya fita, amma ƙiyasin da aka zauna aka yi kafin Yuli ya tashi banza kafin a kai rabin shekara. Kulob da ke da ajiya ya cike giɓin daga ajiya. Wanda ba shi da ita, ko dai ya koma wa 'ya'yansa da ƙoƙon bara a tsakiyar shekara, ko kuwa ya miƙa hannu ga jakar nan ta biyu da muka ce ba a taɓawa.

Ranka ya daɗe, na ga Magatakarda yana duban agogo. Iyakar abin da na tanada ke nan, in akwai mai tambaya ina nan a tsaye.